Hawainiyar da Ta Zo a Buhun Fara

Me ya sa ta yarda ta ci daga hannun mijina Malam, ta ƙi ci daga nawa? Shekara uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na zauna gaban kasko sai tambayar nan ta zo mini. Ni ke zuwa daji in kamo, ni ke zaɓa, ni ke kawowa har gabanta, sai ta juyo mini ido ɗaya ta kau da kai. Hawainiya nake nufi, 'yar ƙarama, wadda ta yi wata tara a gidanmu a nan Tawa. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In kun ji na yi shiru, kuka ne, yakan zo ya wuce.

Ku 'yan matan da kuka cika bakin tasha da farantan fara, ina jin ku kuna cewa sana'ar ba wuya, wai a sayi buhu, a zuba mai, a barbaɗa yaji. To ku saurara. Na yi sama da shekara arba'in ina wannan aiki, kuma wata halitta da ba ta kai ɗan yatsana ba ta nuna mini cewa rabin sanin fara kawai na yi.

Aikin farko da aka ba ni shi ne fige ƙafa da fiffike. Daga Kalfu aka kawo ni amarya, na tarar uwar mijina, Inna Kulu, ita ce mai farar unguwa. Shekara guda cur ban taɓa kasko ba. Ƙafar bayan fara tana da ƙaya kamar zarto, kafin ki cika tiya ɗaya yatsunki sun yi jaja-jaja. In na ce na gama, sai Inna Kulu ta rufe ido ta tura hannu cikin tiyar har wuyan hannu. Ƙaya ɗaya ta soke ta, sai ta juye mini duka a tabarma ta ce, "Ɗiyata, maƙogwaron mutane kike so ki tsaga? Sake." A wurinta na koyi tafasa da gishiri, da shanya a tabarma har ta yi ƙaras, da bakace a faifai, da sanin zafin mai ta hanyar jefa fara ɗaya a ji kukanta. Kaskon da matsamin da nake aiki da su yau nata ne. Hannun matsamin ya karye sau uku, sau uku maƙeri yana ɗora shi.

Kamu kuwa aikin Malam ne. Da kaka, in an idar da sallar asuba, sai ya ɗauki buhu ya nufi gonaki. Fara in ta sha sanyi ba ta iya tashi, tsinkar ta ake a jikin karan gero da sabara kamar 'ya'yan magarya. Da rana ta taɓa ta, shi ke nan, sai dai ka bi ta da ido. In ya kawo, akwai doka ɗaya da Inna Kulu ba ta wasa da ita: fara sai ta kwana a buhu. A daren nan take zubar da duk abin da ke cikinta. Wadda aka tafasa da cikinta cike ɗaci take yi, kuma mai saye ba ya faɗa miki, wucewa kawai zai riƙa yi. Da wannan na riƙe direbobin Agadas, da mata masu ciki masu kwaɗayi, da wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, wanda ya yi shekara goma sha yana ce mini yajina ya yi yawa, kuma bai taɓa fashin rana ba.

Buhun da ya kawo hawainiyar daga wajen Barmu ya fito, a kakar da ta biyo bayan ciwon Malam. Faɗuwa ya yi a ƙofar gida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannun dama kuma ya kama rawa. Daji ya gagare shi, na koma sayen buhu a hannun masu kamu na ƙauye. Maganin likita ya dawo masa da magana, amma bai dawo masa da cin abinci ba. In na kawo fura sai ya kurɓi biyu ya ture, ya ce abinci na mai aiki ne. Mutum yana ƙarewa a gabana, na yi lallashi, na yi faɗa, ba abin da ya canza.

Ran nan ruwa yana tafasa, na kwance bakin buhu zan juye, yana zaune a tabarma gindin lallen tsakar gida. Sai ya ce, "'Yar Kalfu, dakata. Waccan farar taki ba ta da gaggawa."

Na duba. A bakin buhu ga wata 'yar abu kore, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana tunani kafin ta sauke. Na ɗauki muciya zan wurga ta bayan katanga, don mu an tashe mu da tsoron hawainiya, ana cewa yawunta na ɓata fata.

Ya ce, "Ta kwana cikin buhu fara na tattaka ta ba ta mutu ba, sai ke za ki kashe ta? Baƙuwa ce. A ba ta abinci."

Na ce, "Mai gida bai ci ba, baƙuwa za ta ci?"

Ya ce, "To mu yi haka. Ran da ta ci, ni ma in ci."

Na san halinsa. Wasa yake, amma wasan da ba ya janyewa.

Kejin da muka yi mata na kara ne, shi yana faɗa ina ɗaurewa. Muka lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda kaji, muka sa rassan lalle a ciki. Sannan na tashi na yi mata abin da nake yi wa babban baƙo. Na zaɓo fara mai ƙwai, na soya ta da sabon mai, na sa yaji kaɗan don yarinya ce, na ɗora a murfin kwalba na ajiye mata. Malam ya dubi murfin, ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Tun da ya faɗi ban ji dariyarsa ba sai ranar. Ya ce, "Ke ko jinjiri aka kawo miki, yaji za ki ba shi."

Washegari na ba ta ɗanya, na fige mata ƙafa da fiffike tsaf, yadda ko Inna Kulu ba za ta sami abin cewa ba. Ba ta ko duba ba. Na kawo mai rai, babba, ƙosassa. Farar ta yi tsalle ɗaya ta buge ta daga kan reshe. Kwana huɗu ba ta ci ba, ba ta sha ba. Korenta ya koma baƙi-baƙi, idanunta suka faɗa. Malam kuma yana kan bakansa, kurɓi biyu ya ture.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Agali ya zo. Tsohon abokin Malam ne, makiyayi daga arewacin Afala, in ya kawo cuku kasuwa a gidanmu yake shan shayi. Amidi yake kiran Malam, wato aboki a yarensu. Ya leƙa keji ya ga murfin ruwan da na ajiye, ya gyara rawaninsa ya ce, "Amidi, matarka ta taɓa ganin hawainiya a bakin rijiya tana jiran guga?"

Malam ya ce, "Faɗa mata dai. Ni in na faɗa, cewa za ta yi ciwo ne."

Agali ya tsoma tsintsiya a ruwa ya yarfa a kan ganyen lalle. Muka zuba ido. Can sai ta matso, ta buɗe baki a hankali ta lashi ɗigo ɗaya, ta lashi na biyu. Ya ce raɓa take sha, ruwan da ke kwance ba ta san shi ruwa ba ne. Ya ce kuma ba ta cin abin da ba ya motsi, kuma duk abin da ya fi tsakanin idanunta faɗi ba nata ba ne. Na ce masa mutumin da ya san wannan duka, me ya hana shi sanin cewa shayinsa ya cika sukari? Ya ce wannan kuma raɓarsa ce.

Kamun farko da na yi da hannuna, ina da shekara sittin da wani abu. Bayan asuba na fita bayan gari da ƙaramin gwangwani, ina tsintar 'yan ƙananan fara, irin waɗanda masu kamu ke kakkaɓewa daga buhu don ba su da amfani. Gwiwoyina suka gaya mini abin da Malam ya sha duk shekarun nan bai faɗa ba. Na dawo da hantsi, hawainiya ta sha rana ta ɗumama. Na riƙe ɗaya ta ƙafa na miƙa. Ta dube ni da ido ɗaya, ɗayan yana kallon sama. Na gaji na miƙa wa Malam na ce, "Baƙuwarka ce." Ya karɓa da hannun nan mai rawa, ya tura cikin keji. Idanun nan biyu suka haɗu wuri ɗaya. Ban ga fitar harshen ba, komawarsa kawai na gani, ga ƙafar fara tana leƙowa a gefen bakinta.

Malam ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Ina furar nan?"

Ya shanye ƙwarya guda, ya tambaya ko akwai saura.

Daga ranar aiki ya rabu biyu, ni kamu, shi ciyarwa. Na yi ƙoƙari ta saba da ni, Allah ya sani. Na ce ko rawar hannun ce ke jan ta, na riƙa karkaɗa nawa. Ta ƙi. Na ce ko ƙanshin mai da yaji ne, na wanke hannu da toka. Ta ƙi. Wata rana har hularsa na sa na zauna a tabarmarsa. Maƙwabciyata Mairo mai ƙosai ta shigo aron rariya ta same ni haka, ta tsaya ta ce, "Sannu, Alhaji. Matar gidan tana nan?" Har yau in mun yi faɗa da ita Alhaji take ce mini.

Kuskuren da ya kusa kashe ta ba na jahilci ba ne, na gwaninta ne. Da na ga fita kullum tana ba ni wuya, sai na riƙa kamo na kwana biyu, in ɗaure a ƙaramin buhu su kwana, yadda na saba. Har ina jin daɗi, ina cewa tsabtatacciya take ci. Tana ci kuwa, biyar, shida, kowace safiya. Amma bayan 'yan makonni sai muka ga ƙashin bayanta ya fito, riƙon reshenta ya yi sanyi. Malam ya shiga damuwa, furarsa ta fara raguwa. Wata safiya ya ɗaga fara ɗaya sama yana kallon ta a hasken rana, ya ce, "'Yar Kalfu, wagga ta kwana buhu?"

Na ce, "Ka taɓa ganin na ba wani wadda ba ta kwana ba?"

Ya ce, "To shi ne. Mu fara muke ci. Ita kuwa abin da fara ta ci take ci. Kwanon wofi kike kawo mata."

Na zauna a kan turmi. Dokar da na riƙe shekara arba'in, wadda ta ciyar da gidan nan, ita ce ke kashe baƙuwar da yunwa.

Haka na zama mai kiwon fara. Na sami tsohuwar tukunya na rufe da ƙyallen gidan sauro, ina zuba musu ganyen zogale, da dusar gero, da ɓawon kabewa, da ganyen wake, su ci su yi nak kafin a kai su. Mairo ta leƙo ta katanga ta ce, "Alhaji, in sun yi ƙiba a ajiye mini ɗaya ta layya." Cikin kwana goma hawainiya ta murmure. Ta yi saɓa, fatar ta fita fara fat kamar ɓawon albasa, ta fito kore shar. Ku lura, in za ta yi saɓa takan bar ci kwana biyu, wannan ba ciwo ba ne. Na farko ya tsorata mu, na biyu ko a jikinmu.

Sai kuma ta fito da wani sabon hali. Fara ƙosassa, daidai bakinta, a hannun Malam, ta dube ta ta juya baya. Kwana uku haka. Ana cikin wannan wani ƙuda ya sauka a yatsan Malam, kafin ya kore shi ta ɗauke. Malam ya ce, "Ta gaji ne. Ke in an ba ki tuwon dawa kullum ba miya, mi za ki ce?" Na ce shekara nawa nake ci ban ce komai ba. Ya ce ai shi ya sa ban yi kore ba.

Daga nan na shiga neman abinci kala-kala, kuma daidai lokacin rani ya shigo, fara ta yi ƙaranci. Gyare na samu a ƙarƙashin randa, inda ƙasa ke da laima. Gara kuma a tsohon dangan Mairo, ta ce in kwashe duka in ya so ta biya ni. Malam-buɗe-littafi tana so, amma kama shi aikin mai ƙafa ne. Ƙuda mun daina ba ta na wajen mahauta bayan ya ɓata mata ciki, sai wanda ya zo wa ɓawon mangwaro. Farar tumfafiya, mai zane-zanen nan, ko kusa ban kai mata ba, mu ma ba ma ci. Malam ya tsara abin kamar mai rabon girki: yau fara, gobe gyare, jibi abu mai laushi. Tana girma aka rage, aka koma yau a ci gobe a huta.

Tsutsar lambu ce kaɗai na ƙi, kuma ga dalili. Wani mai lambu ya ce in zo in kwashi tsutsar kabejinsa kyauta. Ina shiga na ji warin nan kamar na kananzir, na juyo. Na san warin tun muguwar shekarar nan da fara ta yi yawa aka yi feshi a gonaki. Ta zube matacciya tuli-tuli, wasu marasa tsoron Allah suka share suka kawo kasuwa da araha. Mutane suka yi ciwon ciki, daga nan aka guje mu duka, mai gaskiya da maƙaryaci. Malam yana tafiyar yini don ya kamo inda ba a fesa ba, in soya, in dawo da ita gida yadda na fita da ita. Shekarar na kife kasko na koma surfe a gidajen mutane. Sai da kaka biyu ta wuce kafin direbobi su dawo. Don haka, 'yan mata, kafin ku taya buhu ku tura hanci ciki. In mai buhu ya ji haushi, ya ji.

Da damina ta sauka ta kai tsawon tafin hannuna, ban da wutsiya. Shinge, garar nan mai fiffike, ya fito bayan ruwan farko, ta ci har ta kasa rufe baki. Malam ma ya yi kumatu a watannin nan, har yakan sa a kai shi ƙofar gida ya yi gardama da masu wucewa. Amma da gero ya kai gwiwa ciwon ya dawo. Wannan karon hannun daman ne ya kwanta. Na riƙe masa gwiwar hannu muka miƙa tare, ta gane akwai ni a ciki, ta ƙi. Na saki fara cikin keji, ta bi ta da ido, sannan ta juya tana kallon inda Malam yake kwance. Kwana shida ba ta ci ba. Wata tara ana miƙa mata, ba ta taɓa farauta ba, kuma mai miƙawar ya kasa.

Malam ya ce a mai da ita inda ta fito. Na ce in ta kasa kamawa fa? Ya ce a keji ma ba ta kamawa, gara ta gwada inda akwai raɓar gaske.

Da safe na dama masa fura, ya sha kaɗan. Na bar Mairo a wurinsa, na sa hawainiya a ƙwarya da ganye, na hau kabu-kabu muka bi hanyar Barmu. Na sauka inda sabara ta yi duhu, nesa da gonaki. Na ɗora ta a reshe, na koma gindin wata aduwa na zauna.

Hantsi ya yi, ba ta motsa ba. Fara ƙanana suna ta tsalle a ganye kusa da ita, ita kuwa ido ɗaya a kaina. Na matsa baya. Na yi azahar da taimama a nan. Hadari ya taso gabas ya watse. Sau biyu na miƙe zan tafi, sau biyu na koma na zauna, saboda abin da Malam ya ce mini da safe. Wajen la'asar wata 'yar fara kore ta sauka a reshen da ke samanta. Sai na ga ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba ta yi baya kamar ganye a iska. Idanun suka haɗu. Ta ɗauke ta. Ban tashi ba sai da ta ƙara ta biyu, don kada Malam ya ce dace ne.

Duk hanya ina shirya yadda zan ba shi labari, har da inda zan ƙara gishiri. Da muka shigo unguwa na hango takalma a ƙofar gidanmu, da yawa, na maza. Mairo ta tare ni a zaure ta riƙe hannuna. Ta ce bayan azahar ne, cikin sauƙi, kamar mai barci.

Ƙwaryar tana hannuna, na rasa inda zan ajiye ta. Da safen nan, da na zo fita, na tsaya a bakin ƙofa na ce ko in bari sai ya ji sauƙi. Ya juyo da kai ya ce:

"Tahi, 'Yar Kalfu. Ki aza ta bisa reshe, kada ki aje ta ƙasa. Kuma kada ki taso sai kin ga ta kama da kanta. Ni ina nan, ba inda za ni."